Wai da gaske kyaftin na iya ƙin tashi bayan an gama bodin? Abin da ya same mu a Kano

Ɗan_Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu aiki a harkar jirgin sama ko duk wanda ya san kan abin ina da tambaya, kuma ku yi haƙuri in na yi zafi don har yanzu raina a ɓace yake. Ranar Talata ina da jirgin safe daga Kano zuwa Legas, ba zan kama sunan kamfanin ba, zan je ganin wani mutum ne kan kaya kuma ya ce min in ban iso kafin azahar ba shi zai wuce abinsa. An yi bodin lafiya lau kowa ya zauna ya ɗaura bel, ga zafi kamar cikin tanda don ba a kunna esi ba, sai muka hango ta taga wasu mutum biyu da rigar nan mai ƙyalli da fayil a hannu suna zagaya jirgin, ɗayansu ya tsuguna gindin taya ya daɗe bai tashi ba, can sai ga kyaftin ɗin ma ya sauka suka tsaya su uku da wani mai kayan aiki ana ta nune-nune. Mun fi minti 40 a haka sannan aka ce wai kowa ya ɗauki jakarsa ya sauka akwai matsalar na'ura, shi kenan bayanin. Awa biyar muka yi a zaune kafin a turo wani jirgin.

To a wajen zaman nan kowa ya zama masani, wani Alhaji kusa da ni ya ce ai 'yan NCAA ne, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, suna neman na goro ba a ba su ba shi ne suka riƙe jirgin, wani kuma ya ce a'a ya ji da kunnensa injiniya ya ce jirgin zai iya tafiya kyaftin ne ya kafe. Tambayata, wai waye mai maganar ƙarshe ne? Kuma jirgin nan fa da safen ya zo daga Legas ya sauka lafiya a gabanmu, ya za a yi abu ya lalace yana tsaye? Sannan da gaske ne wai ana tashi da jirgi alhali an san akwai abin da ba ya aiki a jikinsa?

Injiniya_Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da haƙuri. Ni gyaran jirgi ne sana'ata, a kwalejin nan ta Zariya na yi karatu, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce za ta fi tayar maka da hankali. E, ana tashi da jirgi da abin da ba ya aiki, kullum ma, a ko'ina a duniya, amma ba da ka ake yi ba. Kowane irin jirgi yana da wani kundi da muke kira MEL, kamfanin da ya ƙera jirgin ne yake fitar da uwar kundin sannan kamfanin sufuri ya tsara nasa hukuma ta sa hannu. A ciki an jera abin da za a iya tashi ba shi, da sharaɗin da za a cika, da kwana nawa aka yarda a jinkirta gyaran, wani kwana 3 wani kwana 10 wani har kwana 120 in abu ne marar muhimmanci. Misali wannan zafin da kuka sha, ina kyautata zaton ƙaramin injin nan ne na wutsiya da yake ba da wuta da iska in jirgi yana ƙasa ba ya aiki, an yarda a tashi ba shi, sai dai fasinja su yi gumi kafin a tada manyan injina. Ko na'urar hango hadari, a wasu jiragen an yarda ka tafi ba ita in dai ba a yi hasashen tsawa a hanyarka ba, kaga abin da zai wuce a watan Janairu ba zai wuce a watan Agusta ba. Abin da kuma kundin bai ba da sassauci a kansa ba, kamar injin ko abin sarrafa jirgi, to ba tafiya, ko mai kamfanin ne a ciki.

Maganar ya sauka lafiya kuma, Alhaji saukar ita ce take cin taya da birki. Taya na iya taka wani ƙarfe a titin jirgi ta yanke, man haidirolik na iya fara ɗiga, tsuntsu na iya shiga injin ba wanda ya ji sai an leƙa an ga jini da gashi. Shi ya sa duk tsayawa sai an zagaya jirgi an duba, ba wai sau ɗaya a rana ba.

Kuma tunda ka ce gindin taya mutumin ya tsuguna bari in ba ka labarin da duk mai gyaran jirgi ya sani. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Taya biyu iskarsu ta yi ƙasa da ƙa'ida, kuma bincike ya nuna masu gyara sun san da haka kwanaki kafin ranar, har an sauya alƙaluman da ke cikin takarda don su nuna komai daidai. Da safen ranar babban makaniken ya nemi a ƙara iska, to tayar jirgi naitirojin ake sa mata ba iskar falkanaiza ba, ba a samu a kusa ba, shi kuma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a yi latti ba aka saki jirgin haka. A guje a kan titi taya biyu na hagu suka fashe, ƙarfe ya dinga gurzar ƙasa ya kama da wuta, matuƙan ba su san da wutar ba suka naɗe tayoyin cikin cikin jirgin, wato sun shigar da gobara ciki da hannunsu. Sun juyo za su sauka amma ba su kai titin ba. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 ma'aikata 14, ba wanda ya tsira. Abin da zai ba ka mamaki tayar da iskarta ta yi ƙasa ba ka gane ta da ido, don 'yar uwarta ta gefe ce take ɗauke nauyin sai ka gan su tsaye ƙyam dukkansu, sai an sa ma'auni. Don haka in na ga mutum ya daɗe gindin taya ni ba na jin haushinsa.

Mai_Gaskiya_Ɗaci ya amsa:

Injiniya duk mun ji, turancin takarda ne wannan. A ƙasar nan da ake sayen takardar gwajin mota ba a ga motar ba shi ne za ka ce min na jirgi daban ne? In binciken na gaske ne me ya sa kullum sai abu ya faru sannan za ka ji an dakatar da kamfani? Dana sai da jirginsu ya zame daga titi a Legas a Afrilun 2024 sannan aka tsayar da su, Max Air ma a 2023 sai bayan taya ta fita da maganar ruwa a cikin mai sannan aka dakatar da Boeing 737 ɗinsu, a Janairun 2025 kuma bayan matsalar da jirginsu ya samu wajen sauka a nan Kano aka sake tsayar da su wata uku. Ina masu fayil ɗin suke kafin nan? Ni dai ihu bayan hari nake gani wlh.

Injiniya_Samaru ya amsa:

Malam ban ce hukuma mala'iku ba ce, kuma maganarka akwai ƙamshin gaskiya, masu binciken ba su da yawa kuma wanda ya ƙware sosai kamfani na iya biyansa fiye da gwamnati sai ya tafi. Amma kai wanda ya fito a labarai kawai kake ji, jirgin da aka tsayar ranar Talata aka canza masa taya ya ci gaba da aiki ba wanda zai buga shi a jarida, sai dai Alhaji ya zo nan ya yi mana faɗa. Kuma ka tuna yadda muke a da. Haɗarin jirgin EAS a Gwammaja watan Mayu 2002, na Bellview a Oktoban 2005, na Sosoliso a Fatakwal a Disamban 2005 da yaran makaranta a ciki, na ADC a Abuja Oktoban 2006 wanda Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a ciki, uku na ƙarshen nan a cikin kusan shekara ɗaya fa. Bayan nan ne aka yi dokar 2006 da ta ba NCAA cin gashin kanta. Ba a gyaru duka ba amma ba ɗaya ba ne da wancan lokacin.

Kyaftin_Mai_Ritaya ya amsa:

Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna min wannan zaren ya ce Baba ga naku, to bari in sa baki ko da yake rubutu a waya ba gwanina ba ne.

Alhaji mai tambaya, amsar waye mai maganar ƙarshe ita ce mutum uku ne kowannensu na iya cewa a'a, kuma a'ar mutum ɗaya ta isa. Injiniya in bai sa hannu ya saki jirgi ba ni ba ni da ikon ɗauka. In ya sa hannu ni kuma sai na sa nawa cewa na karɓa, in ban gamsu ba ina da ikon in ƙi ko da MEL ta yarda, domin kundin abu ɗaya-ɗaya yake kallo ni kuwa ina haɗa su ne, ga wannan ba ya aiki ga wancan ma an jinkirta shi ga ruwan sama a Legas titi ya jiƙe ga jirgi ya cika maƙil, kowanne shi kaɗai halal ne amma in sun taru sai in ce ban ɗauka ba. Na uku shi ne sufeton hukuma, in ya ga abin da ya shafi lafiyar tashi zai iya cewa jirgin nan ba ya motsi sai an gyara. Don haka wanda ya ce maka injiniya ya ce a tafi kyaftin ya kafe, zai iya zama gaskiya kuma ba wanda ya yi laifi a cikinsu.

Shi binciken ba-zata da sufetocin hukuma ke yi wa jirgi a fili ba wani abin tsoro ba ne in takardunka sun cika. Za su hau su nemi lasisina da takardar likita su ga ba ta ƙare ba, su ga yaushe na shiga simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, na ƙarshe don duk wata shida ake mayar da mu a gwada mu da kashe injin da gobara da sauransu, su duba takardar shaidar lafiyar jirgi da inshora da takardar lodi, su buɗe littafin jirgi su ga abin da aka jinkirta ko kwanakinsa sun wuce, su duba tukunyar kashe gobara da rigunan ruwa da iskar shaƙa, sannan su zagaya waje. A Turai ma haka ake mana, a Jidda ma haka, can ma sun fi tsanani don ba ruwansu da kai waye. Na taɓa shan tambayoyi a wata ƙasa kan wata 'yar takardar gargaɗi da ta ɓare a kokfit, wato ɗakin matuƙi, raina ya ɓaci a lokacin amma mutumin aikinsa yake.

Abin da ya fi damuna a shekarun da na yi, kuma shi ne nake so matasan matuƙa da ke karanta wannan su ji, ba sufeto ba ne, wayar da ake bugo maka ce daga ofis. Kana wani gari da kamfani ba shi da injiniya ko kayan gyara a can, ka ga wata fitilar gargaɗi ta kama, ka san in ka rubuta a littafi jirgin nan ya kwana a nan, fasinja sama da ɗari sai an nema musu masauki, jiragen gobe duk sun rikice. Sai a kira ka da murya mai daɗi, ba wanda zai ce maka karya doka, cewa za a yi Kyaftin ka taimaka ka lallaɓo shi gida sai ka rubuta a can. Har zolaya muke yi a tsakaninmu cewa jirgi yana da hankali, ba ya taɓa lalacewa sai a hanyar komawa gida. To wanda ya girma a aikin zai iya cewa a'a ya kashe wayarsa. Amma ka ɗauki yaron da iyayensa suka sayar da gona da fili suka biya masa makaranta, ya zauna shekaru ba aiki, ya samu da ƙyar, kamfani ya ɗaure shi da yarjejeniyar kuɗin horon da aka kashe masa, wataƙila ma ana binsa albashi, ga wasu ɗari a waje suna jiran kujerarsa, wannan yaron a'a tana masa nauyi a baki. Akwai ƙungiyar NAAPE ta matuƙa da injiniyoyi, tana ƙoƙari, amma ranar da abin ya zo kai kaɗai ne da alƙalami a hannu.

Kuma abin da ba a rubuta ba sufeto ba zai gan shi ba, injiniya ma ba zai gyara shi ba, wanda zai karɓi jirgin bayanka kuma bai san da shi ba. Dubi Lion Air a Indunusiya a Oktoban 2018, jirgin ya ba matuƙan da suka tuƙa shi a daren kafin haɗarin wahala sosai suka sha da ƙyar, abin da suka rubuta bai ƙunshi duk abin da ya faru ba, washegari wasu suka ɗauka ya faɗa teku da mutum 189. Na san babban laifin na ƙirar Boeing ne amma wannan ma yana cikin rahoton. Namu na gida kuma Dana na 3 ga Yuni 2012, injin ɗaya ya daina ba da ƙarfi minti 17 bayan tashi daga Abuja, maimakon a nemi fili mafi kusa a sauka sai aka ci gaba zuwa Legas, na biyun ya mutu ana dab da isa, mutum 153 na ciki duk suka rasu a Iju-Ishaga har da mutanen ƙasa. Ba na zagin mamaci, Allah ne ya san abin da ke ransu a lokacin, amma wannan jan da gida yake wa matuƙi na san shi a jikina.

Mai_Gaskiya kuma, maganar na goro, ba zan rantse wa kowa ba. Sai dai ka yi tunani, mai neman na goro a ɓoye yake nema don ya kau da kai, ba ya tsayar da jirgi a gaban mutum ɗari da hamsin da wayoyi a hannunsu.

Basakkwace ya amsa:

Allah shi jiƙan musulmi. Injiniya ka tuna muna da abin da munka daɗe ba mu yi zance nai ba. Ina yaro lokacin, abin da ni ka tunawa shi na mutane sun yi shiri za su tarbo alhazai, an yi girki an share gidaje, sai labari yaz zo, daga nan sai tabarmi ƙofar gidaje. Mu dai abin da munka tashi muna ji shi na jirgi ya kama da wuta, ƙaddara ta, ban taɓa sanin zancen iskar taya ba sai yau wallahi, kuma wai an sani tun kwanaki. Ƙaddara gaskiya ta amma wanga akwai hakki ciki. Kyaftin Allah shi ƙara lahiya.

Maman_Ilham ta amsa:

Amin ya Allah. Ni ba ta fannin gyara zan yi magana ba, nakan yi Kano Legas kusan duk wata saboda kasuwanci kuma na sha irin wannan zaman. Ɗan_Kwari ka raba abu biyu, tsayar da jirgi daban, wulaƙanta fasinja daban. Baba Kyaftin da Injiniya sun gamsar da ni kan na farko amma na biyun ba uzuri. A dokar kare fasinja ta NCAA in jirgin cikin gida ya yi lattin awa biyu dole su ba ku abin sha da ɗan abin taɓawa, in ya kai awa uku kana da damar cewa a mayar maka da kuɗinka, in kuma abin ya kai cikin dare sai sun ba da masauki. Suna da teburin karɓar koke a filin jirgi, mutanenmu ne ba sa zuwa sai dai a taru a yi ta zagin yarinyar da ke teburin tikiti wadda ita ma ba ta san komai ba. Kun yi awa biyar an ba ku ko ruwa? Kuma ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne kalmar nan matsalar na'ura, in kyaftin ya ɗauki lasifika ya ce jama'a taya ce ta yanke ba zan ɗauke ku a kanta ba, wa zai yi musu? Sai addu'a ma da zai sha.

Kyaftin_Mai_Ritaya ya amsa:

Hajiya kin yi gaskiya, ni ina faɗa da bakina lokacin ina aiki, wasu kamfanonin ne ba sa so suna ganin zai tsorata mutane ko ya shiga Facebook kafin a sauka daga matakala.

Ɗan_Kwari ya amsa:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Kyaftin Allah ya saka da alheri, Injiniya wlh labarin Jiddan nan ya sa jikina ya yi sanyi, ina cikin waɗanda suka ɗaga murya ranar har na ce wa wani ma'aikaci maganar da bai kamata ba. Hajiya ruwa ɗaya da biskit aka ba mu shi ma sai wajen awa huɗu bayan an yi hayaniya, ban san da zancen mayar da kuɗi ba da na karɓa na koma kasuwa don ko da na isa Legas mutumin ya wuce, sai da na kwana biyu ina jiransa ga kuɗin otal. Tikitin da takardar bodin duk suna nan ban yar ba, teburin koken nan a wane ɓangare yake a filin jirgin Kano, kuma sai na je da kaina ko ana iya turawa ta waya?